Gubar da wuta ba ta kashewa: tambayoyi da amsoshi kan sa ido a gansakukar teku

Wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi bai saba ganin kawa a tukunya ba. Amma da yawanmu yanzu muna zaune a Legas, Fatakwal, Kwatano ko Accra, wasu kuma karatu ko neman abinci ya kai su Turai da Amurka, inda ake sayar da ita kamar yadda muke sayar da tarwaɗa. Duk inda na ce kawa da ƙumba a nan, ina nufin halittun ruwan nan masu ɓawo biyu da ke buɗewa su rufe, da duk danginsu.

Wace gansakuka ake nufi? Irin ta bakin rijiya ce?

Dangi ne na nesa, amma wannan ido ba ya ganinta ɗaya-ɗaya. Halitta ce mai ƙwayar rai guda tal, tana yawo a saman teku inda hasken rana ke kaiwa, tana haɗa abincinta da haske kamar ganyen bishiya. Yawancinsu ba su kai kaurin silin gashi ba. Nau'insu dubbai ne, kuma rahama ne ga duniya, domin su ne tushen abincin kusan duk abin da ke cikin teku, kuma kusan rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya daga gare su take fitowa. Kusan nau'i 200 ne kawai aka san suna yin guba. Waɗanda suka fi hana masu sa ido barci su ne Alexandrium, Gymnodinium catenatum, Pyrodinium bahamense, Dinophysis, Karenia brevis da Pseudo-nitzschia. Da waɗannan sunaye masana ke kiransu a kowace ƙasa, shi ya sa na bar su haka.

Ta yaya gubar ke shiga kawa, ita kuma ba ta mutu ba?

Kawa da ƙumba ba sa farauta. Suna zaune wuri ɗaya suna zuƙar ruwa, su tace shi kamar rariya, su haɗiye abin da ya tsaya. Babbar kawa ɗaya, idan yanayi ya yi mata daɗi, tana tace fiye da lita 100 a rana. In ruwan na ɗauke da gansakuka mai guba, abin da ya warwatse a cikin randuna da yawa na ruwa sai ya taru a cikin ɗan naman da bai wuce loma ɗaya ba. Yawancinsu jikinsu ya saba da gubar, sai su ci gaba da rayuwa lafiya lau, da ƙiba da kyan gani. Mutumin da ya ci ne ke kwana a ciki.

Cutar iri ɗaya ce?

A'a. An san manya guda biyar, amma ba su yi daidai da juna a haɗari ba.

Wadda ta fi kisa ita ce mai shanye jiki. Gubarta sunanta saksitoksin, tana toshe ƙofofin da saƙo ke bi ya gudana a cikin jijiya. Cikin rabin awa mutum zai ji leɓɓansa da harshensa sun sage, sai yatsu, sai hannu da ƙafa su yi nauyi, magana ta sarƙe. In gubar ta yi yawa, naman da ke motsa huhu ya tsaya, mutum ya mutu cikin 'yan awoyi, sau da yawa hankalinsa na jikinsa. An daɗe da saninta. A 1793 ma'aikatan jirgin George Vancouver sun ci ƙumba a gaɓar yammacin Kanada, ɗaya ya rasu, har yau ana kiran wurin da sunan da ke nufin lungun guba. A 1927 mutum 102 suka kwanta a yankin San Francisco, 6 suka mutu, kuma daga nan ne Hermann Sommer da Karl Meyer suka bi diddigi har suka gano cewa gansakukar ruwa ce sanadi. A 1987, a garin Champerico na Gwatamala, mutum 187 suka kamu, 26 suka rasu, kuma yara ne abin ya fi yi wa ɓarna.

Ta biyu mai cinye tunani ce, labarinta kuwa shi ya fi tsaya mini a rai. A ƙarshen 1987 mutane a Kanada suka ci ƙumbar da aka kiwata a tsibirin Prince Edward. Fiye da 100 suka kamu da amai da ciwon kai da ruɗewa, 3 suka mutu. Wasu daga cikin waɗanda suka tashi ba su ƙara iya riƙe sabon abu a kai ba: mutum ya san 'ya'yansa, ya san gidansa, amma abin da aka gaya masa da safe ya tafi kafin azahar. Masana a Halifax sun yi aiki dare da rana, cikin ƙasa da kwana biyar suka gano gubar, asid ɗin domoik. Abin mamaki, an san sinadarin tun shekarun 1950 a Japan, inda mutanen wasu tsibirai ke shan ɗan kaɗan na ciyawar tekun da ke ɗauke da shi don maganin tsutsar ciki. Ba wanda ya taɓa zaton Pseudo-nitzschia na yin sa.

Ta uku mai sa gudawa ce, daga Dinophysis. Takeshi Yasumoto ne ya fayyace ta bayan abin da ya faru a arewa maso gabashin Japan a 1976. Ba a san ta da kisa ba, kwana uku mutum ya miƙe, amma ita ce ta fi jawo rufe wuraren kiwo a Turai. Ta huɗu ta Karenia brevis ce a gaɓar Florida da mashigin tekun Meziko, wadda har igiyar ruwa ke fesa gubarta a iska, masu asma su sha wuya ko ba su ci komai ba. Ta biyar, azasfirasid, ta bayyana a 1995 lokacin da wasu mutane a Holan suka ci ƙumbar Killary ta ƙasar Ayalan, kuma sai a 2009 aka gano 'yar mitsitsiyar halittar da ke yin ta.

In na dafa ta sosai, ko na soya, ko na kyafe fa?

Ba ya hanawa. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, amma wannan ba ƙwayar cuta ba ce, sinadari ne, kuma zafin tukunya ba ya lalata shi. Firji ma haka, gishiri haka, lemun tsami da yaji haka. Wani ɓangaren gubar ma yana fita ya shiga romo, wanda ya sha romon kaɗai ya kamu. Ba ta da wari, ba ta da ɗaci, ba ta sauya launin nama.

Ai an ce ruwa yana yin ja. Ba sai mutum ya duba ba?

Wannan zato ya kashe mutane. Gaskiya ne wani lokaci gansakukar tana yawaita har teku ya koma ja ko ruwan ƙasa, amma jan ruwa da guba ba tagwaye ba ne. Akwai nau'in da ke rina teku jajur ba guba ko kaɗan. Dinophysis kuwa, ƙwaya 'yan ɗaruruwa a cikin lita ɗaya sun isa su gurɓata ƙumba, ruwan kuma garau, kana hango yashin ƙasa. Sannan bayan gansakukar ta watse gubar tana nan a jikin kawa.

Sauran dabarun gargajiya ma haka suke. A Turai da Amurka ana cewa a guji kawa daga Mayu zuwa Agusta, amma an sha samun guba a cikin sanyi. Wasu suna goga naman a leɓe su jira su ji ko zai sage, wasu su ba kyanwa ta fara ci. Leɓe ba ma'auni ba ne, kuma kawa biyu daga gaɓa ɗaya suna iya bambanta nesa ba kusa ba.

To yaya ake sa idon a aikace?

Misalin da ya fi nuna abin a fili shi ne Galisiya, a arewa maso yammacin Sifaniya. Can teku ya kutsa cikin ƙasa ya yi lunguna masu tsawo, irin su na Vigo, Pontevedra da Arousa. A cikinsu akwai dandamalin katako masu yawo a kan ruwa fiye da 3,000, waɗanda mutanen wurin ke kira batea. Daga kowanne igiyoyi ɗaruruwa ne ke reto cikin ruwa, tsawon kowace har mita 12, ƙumba ta manne musu cunkus. Abin da ake girba a shekara yana kai tan 250,000, wato yanki mafi girma na ƙumbar Tarayyar Turai. Gidaje dubbai da wannan suke ci.

A watan Oktoba na 1976 ƙumbar Galisiya ta kwantar da mutane fiye da ɗari a ƙasashen Turai da dama da cutar shanyewar jiki. Daga shekarar da ta biyo baya aka fara sa ido a kai a kai, kuma yau cibiyar INTECMAR da ke Vilagarcía de Arousa ce ke riƙe da aikin.

Kowane mako jirgi yana zagaya tashoshin da aka tsayar a cikin lungunan. Ana auna zafin ruwa da gishirinsa daga sama zuwa ƙasa. Ana zura dogon tiyo a ɗebo ruwa, domin gansakukar tana son taruwa a siririn layi a wani zurfi, wanda guga daga sama ba zai kamo ba. Ana ɗiga wa ruwan sinadarin aidin da ake kira Lugol don ya kashe halittun ya adana siffarsu. A ɗakin gwaje-gwaje sai a zuba ɗan kaɗan a wani siririn bututu a bar shi ya kwana, halittun su kwanta a ƙasa, sannan a leƙa su daga ƙasa da madubin ƙara girma wanda aka juya kansa. Wannan hanya Bajamushe Hans Utermöhl ne ya daidaita ta a 1958, har yau ita ce ginshiƙi. Mutum ne zai zauna ya ƙirga, ya bambanta wannan da wancan, wani lokaci bambancin bai wuce wani ɗan rami a ɓawon ƙwayar ba. Ana shekaru kafin ido ya gogu da wannan aiki, kuma a ganina irin waɗannan ma'aikata su ne dukiyar da ta fi kowace na'ura wuyar samu.

A gefe guda kuma ana yanko ƙumba daga igiyoyi, daga zurfi daban-daban, a niƙa naman a auna gubar da ke ciki. An rarraba lungunan gida-gida, kowane yanki da sunansa, don kada laifin wani ya shafi wani. In sakamako ya haura iyaka, a ranar ake rufe yankin, a sa sanarwa a intanet, masu batea da kamfanonin gwangwani su gani. Har ma akan rufe don rigakafi tun sakamako bai fito ba, idan ƙwayoyin suna hauhawa kuma iska ta juya.

Iskar tana da muhimmanci ƙwarai. Daga Afrilu zuwa Satumba iskar arewa tana tura ruwan sama zuwa tsakiyar teku, ruwan ƙasa mai sanyi da taki ya taso ya maye gurbinsa, abin da ke sa ƙumbar wurin ƙiba ke nan. Da iskar ta lafa ko ta koma ta kudu, ruwan waje ya dawo cikin lunguna ɗauke da abin da ya tara. Saboda haka mai sa ido a Galisiya yana duban hasashen yanayi kamar yadda manomi ke duban hadari.

Me ya sa ake gwada ruwa da nama duka? Ɗaya bai isa ba?

Ruwa gargaɗi yake bayarwa, nama ne ke yanke hukunci. Ƙirgar ƙwayoyi tana nuna abin da ke tafe, ta ba da kwana biyu ko mako na shiri. Amma yawan ƙwaya ba ya nuna yawan guba kai tsaye, domin nau'i ɗaya yana iya yin guba mai yawa a wannan mako ya yi kaɗan a wancan, gwargwadon abincin da ya samu. Pseudo-nitzschia ma wasu nau'inta ba su da guba, kuma madubin yau da kullum ba ya iya rarrabe su. Shi ya sa doka a yawancin ƙasashe ta rataya a kan naman. Florida ta ɗan bambanta, can da Karenia brevis ta wuce ƙwaya 5,000 a lita ake rufewa.

Nawa ne iyakar?

A dokar Tarayyar Turai mai lamba 853 ta 2004, gubar shanyewar jiki kada ta wuce maikurogiram 800 a kilo ɗaya na nama, wato ko miligiram ɗaya bai cika ba. Asid ɗin domoik miligiram 20 a kilo. Gubar gudawa da azasfirasid maikurogiram 160 kowace. Ƙasashe da yawa a kan waɗannan alƙaluma suke. Filifin ta fi tsanantawa a kan ta farko, 600 take amfani da shi.

Da gaske ne da ɓeraye ake gwajin?

An yi shekaru da dama ana haka, wasu wurare har yanzu. Ana tatso ruwan naman a yi wa farin ɓera mai nauyin giram 20 allura a ciki, a riƙe agogo. Saurin mutuwarsa shi ke nuna yawan gubar. Hanya ce mai zafi ga dabba, kuma ba ta gaya maka wace guba ce, tana kuma iya yin ƙarya ta kowane ɓangare. Amma a faɗi gaskiya, ta ceci rayuka masu yawa, kuma tana kama gubar da ba a taɓa sani ba, kamar yadda ya faru a Kanada a 1987 lokacin da aka ga ɓerayen suna wata irin susa da ba a saba gani ba.

Turai ta sauya zuwa na'urorin da ke rarrabe sinadarai su auna nauyin kowanne. Dokar 2011 ta sa aka daina dogaro da ɓera wajen gubar gudawa daga ƙarshen 2014, ta shanyewar jiki kuma ta bi baya a 2019. Babban ɗakin gwajin da sauran ƙasashen tarayyar ke koyi da shi yana Vigo. Akwai kuma 'yan tsinken gwaji masu kama da na gwajin zazzaɓin cizon sauro, masu ba da amsa cikin ƙasa da awa ɗaya. Suna da amfani wajen tantancewar farko, amma ba a buɗe wurin da aka rufe da su kaɗai.

Tauraron ɗan'adam bai sauƙaƙa aikin ba?

Ya taimaka, amma launi yake gani, ba ya ganin guba. Yana da amfani ga irin Karenia brevis mai mamaye fili, ba ya ganin Dinophysis da ke ɓoye a mita goma ƙarƙashin ruwa, kuma gajimare yana rufe masa ido.

Abin da ya fi burge ni shi ne wata na'ura mai suna Imaging FlowCytobot, wadda Robert Olson da Heidi Sosik suka ƙera a cibiyar Woods Hole ta Amurka. Ana nutsar da ita a ruwa ta yi watanni, tana zuƙar ruwa kaɗan-kaɗan tana ɗaukar hoton kowace ƙwaya, kwamfuta tana tantancewa. A farkon 2008 wadda aka kafa a Port Aransas ta jihar Texas don jiran Karenia sai ta fara turo hotunan Dinophysis, abin da ba wanda yake nema a wurin. Lisa Campbell da abokan aikinta suka sanar da hukuma, aka gwada kawa aka sami guba, aka rufe wuraren ɗiba ana gab da wani babban bikin cin kawa a yankin. Ba wanda aka ji ya kamu. Irin wannan nasara ba ta cika shiga labarai ba, tunda ba gawa ba asibiti.

In an rufe, sai yaushe? Wa ke ɗaukar asarar?

A Turai sai an sami sakamako biyu a jere ƙasa da iyaka, tsakaninsu aƙalla awa 48. Ƙumba tana wanke kanta cikin makonni idan ruwa ya gyaru. Wasu dangin ba haka ba: akwai wata a Alaska da yammacin Kanada da ke riƙe saksitoksin har shekara biyu. Tankunan da ake tsuma kawa a ruwa mai tsabta kafin sayarwa ƙwayoyin cuta suke ragewa, ba sa cire wannan guba.

Asarar kuwa a kan mai ƙaramin ƙarfi take sauka. A lungun Pontevedra akwai yankunan da a wasu shekaru suke rufe fiye da rabin shekara, ƙumba ta yi nauyi ta zube daga igiya mai ita yana kallo. A 2015 Pseudo-nitzschia ta mamaye gaɓar yammacin Amurka saboda ɗumin ruwa, kamun ƙaguwa a Kalifoniya ya yi jinkirin watanni. A watan Mayu na 2016 masuntan tsibirin Chiloé na ƙasar Chile sun tare hanyoyi fiye da mako biyu, domin an hana su ɗiba kuma tallafin da aka ba su bai kai ko'ina ba. Ina ganin duk hukumar da za ta ce wa mutum kada ya taɓa abincinsa, wajibi ne ta tanadi abin da zai ci. In ba haka ba zai fita da dare ya ɗebo ya sayar a ɓoye, gubar ta isa kasuwa ta ƙofar baya.

Abin ƙaruwa yake yi a duniya?

A 2021 wani ayarin masana ƙarƙashin Gustaaf Hallegraeff, da goyon bayan hukumar teku ta UNESCO, sun nazarci aukuwa fiye da 9,500 da aka rubuta daga 1985 zuwa 2018. Ba su sami ƙaruwa iri ɗaya a duk duniya ba. A wasu yankuna abin ya hau, a wasu ya sauka, kuma yawancin ƙaruwar rahotanni ta biyo yawaitar kiwo da yawaitar sa ido ne. Amma akwai abubuwan da aka tabbatar suna taimaka mata: takin gona da ƙazantar birni da ke kwarara teku, ɗumamar ruwa, da ruwan da manyan jirage ke ɗiba a wata tasha su zubar a wata don daidaita nauyi. Alexandrium da Gymnodinium suna yin wani irin iri mai tauri da ke kwanciya a laka shekaru yana jiran lokaci, kuma a irin wannan ruwan jirgi yakan yi ƙaura. Yarjejeniyar duniya kan tsabtace ruwan ta fara aiki a 2017.

Mu a Afirka fa?

Maroko ta ɗanɗana a 1994, lokacin da Gymnodinium catenatum ta kashe mutum 4 ta kwantar da gommai, kuma tun daga nan cibiyar binciken kamun kifi ta ƙasar take sa ido. Afirka ta Kudu da Namibiya ma suna yi, saboda gaɓarsu tana da irin ruwan nan mai tasowa daga ƙasa, kuma suna fitar da kaya waje.

A gaɓar Afirka ta Yamma bayanan da aka rubuta kaɗan ne ƙwarai, kuma wannan shi ne abin da ya sa ni rubutun nan. Rashin rahoto ba shaidar lafiya ba ne. Matar da ta ci kawa ta yi amai da gudawa, za a ce ruwa ne ko kwalara. Wanda jikinsa ya shanye cikin awa uku, za a ce hawan jini ne ko iska. Alhali dubban mata ne ke rayuwa da ɗibar kawa a saiwoyin itatuwan bakin teku daga Senegal zuwa Neja Delta, kuma su da 'ya'yansu ne farkon masu ci.

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne matan sun riga sun haɗa kai. A Gambiya ƙungiyar TRY, wadda aka kafa a 2007, ta sami haƙƙin kula da ɗibar kawa a dausayin Tanbi a 2012. A Ghana masu ɗiba a bakin kogin Densu suna rufe wurin watanni a kowace shekara don kawa ta hayayyafa, har sun koyi auna gishiri da zafin ruwa da kansu. Wanda ya iya wannan zai iya ɗibar kwalbar ruwa duk mako ya ɗiga mata aidin. An ga irin haka a Alaska, inda jiha ke gwada kayan kasuwa kawai, sai ƙabilar Sitka ta buɗe nata ɗakin gwaji, ƙauyuka suna aiko da samfur. Najeriya mai gaɓar teku kilomita 853, da cibiyar binciken teku a Legas da jami'o'i a bakin ruwa, ba ta rasa inda za ta fara ba.

Ai abin teku halal ne.

Haka ne, a mazhabar Malikiyya dabbobin teku halal ne. Amma halaccin abu bai ɗauke hukuncin cutarwa ba, kamar yadda tuwo halal ne amma ba a cin wanda aka san da guba a ciki.

Kifi, jatan lande da ƙaguwa fa?

Haɗarinsu bai kai na kawa ba, domin gubar a hanji take taruwa, ba a tsoka ba. A Filifin, idan hukumar kifi ta fitar da sanarwar haramci, takan ce a ci kifi da ƙaguwa da manyan jatan lande muddin sabbi ne, an cire hanji da matsatsin numfashi an wanke sosai. Amma takan haɗa 'yan ƙananan jatan landen da ake ci ɗungurungum cikin haramcin. Ƙananan kifaye irin sadin suna ɗaukar asid ɗin domoik a ciki, abin da ya kashe tsuntsayen teku a Monterey ta jihar Kalifoniya a 1991. Kayan cikin ƙaguwa ma a zubar da su a lokacin gargaɗi.

Koren da ke rufe dam da tafki a wajenmu, shi ma haka yake?

Wata halitta ce daban, ta ruwan daɗi, amma ita ma wasu nau'inta suna da guba, musamman maikurosistin mai cin hanta. A 1996 a garin Caruaru na Brazil ta kashe gommai na masu wankin ƙoda da aka yi wa aiki da ruwan wani dam. In ka ga ruwa ya yi kore kamar an zuba fenti, kada a sha, kada a shayar da dabbobi, tafasawa kuma ba ta gyara shi.

Mai saye ya zai kare kansa?

A ƙasashen da ke sa ido, kowane ƙunshi yana da takardar da ke nuna inda aka ɗebo da ranar, ka nemi ganinta. Haɗarin yana wajen wanda ya je bakin teku yawo ya ga ƙumba a kan dutse kyauta ya cika bokiti. Baƙi ne wannan ya fi cin su, tunda ba su san shafin sanarwa ba, wani lokaci allon gargaɗin ma ba su iya harshensa ba. Kafin ka ɗiba ka duba sanarwar hukumar yankin ta ranar, ba ta makon jiya ba.

In wani ya ci, ya fara jin leɓensa ya sage, me za a yi?

A tafi asibiti nan take, kada a jira a ga yadda za ta kaya, kada kuma shi ya tuƙa mota. Gubar ba ta da makari. Abin da ke ceton rai shi ne a riƙe wa mutum numfashi, da na'ura ko da jakar hannu, a hanya ma ko da baki da baki ne, har jiki ya fitar da gubar ta fitsari. Wanda aka riƙe wa numfashi ya wuce awa 24 yawanci yakan warke sarai. A gaya wa likita abin da aka ci, da lokacin, da inda aka samo, domin likitan da bai taɓa ganin cutar ba zai iya ɗaukarta wani abu dabam. A nemo duk wanda ya ci daga tukunyar, musamman yara da tsofaffi da masu ciwon ƙoda, ko da ba su fara jin komai ba. Ragowar abincin kuma a ƙulle shi a leda a sa a firji, a rubuta a jiki kada wani ya ci, a miƙa wa jami'an lafiya su gwada.